Iyakar Gonar Mama a Bayan Littafin Aro

Shekarun baya, ni ne mutumin nan da duk ƙarshen wata zai jera littattafan da ya karanta a kan tabarma, ya ɗauki hoto, ya ɗora a shafinsa, ya koma gefe yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Waɗanda suka daɗe tare da ni a nan sun san haka. Kwanan nan wasunku sun ishe ni da tambaya, wai Malam ina jerin watannin nan, ko karatun ya ƙare ne. Bai ƙare ba. Daga farkon damina zuwa yau na ɗauki littattafai huɗu, ban kai ko ɗaya ƙarshe ba. Dalilin tsoho ne, yau dai na ga gara in faɗe shi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Bosso. Abokina yana da rumfar tsofaffin littattafai a bakin titi, dab da inda masu keke ke sauke ɗalibai. Tsarinmu da shi mai sauƙi ne: in ɗauki littafi, in na gama in mayar in ɗauki wani. Sharaɗinsa ɗaya, kada littafi ya wuce mako biyu a hannuna, domin shi sayarwa yake yi, ba ɗakin karatu ya buɗe ba. Wannan mako biyun shi ya zame mini bulala. Ina cin abinci da littafi, ina cikin keke da littafi, har a gidan biki an taɓa kama ni a bayan rumfa ina juya shafi.

Mahaifiyata tana zaune a Fadikpe tare da ƙanwata. A shekarar ciwon zuciya ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Muka raba jinya. Ƙanwata ce da wanka da girki da magani da tashin asuba. Ni kuma nawa daga la'asar zuwa magariba, in na taso daga makaranta. In gaya muku gaskiya, jinyar tawa ba ta wuce in gaishe ta, in gyara mata matashi, in ja farar kujerar roba kusa da tabarmarta in buɗe littafi ba. Maƙwabta in sun leƙo sai su ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, kullum kana nan." Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Mama 'yar manoma ce, daga wani ƙauye a bayan Gidan Kwano. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan kasuwa ne, a wajen sayen doya ya gan ta. 'Yan'uwanta maza duk sun riga ta tafiya, don haka gonar mahaifinta a hannunta ta ƙare. Ta noma ta da kanta har gwiwa ta gaza, sannan ta ba wani dattijo maƙwabcin gonar aro, shi kuma duk kaka ya aiko mana da doya. Babu takarda, babu komai. Ni rabona da gonar tun ina firamare, abin da na riƙe kawai shi ne akwai rafi, kuma cinnaka ta taɓa cizona a wurin.

A watannin jinyar nan, hirar Mama kusan duk ta gona ce. Tana magana, ina cewa "uhm", ina cewa "Allah sarki", idona na kan shafi. Ta san ba na ji. Takan ce, "Malam, kunnen ma a makaranta ka baro shi?" Malam take ce mini, don ni ne ɗan fari, kuma don tsokana.

Wata ranar Laraba ta ce, "Asabar ka samo mana mota mu je in nuna maka iyakar gonar nan. Ko daga cikin mota ne zan nuna."

Na ce to. Asabar ta zo, ina da shafi ɗari da wani abu da suka rage a wani ƙaton littafin tarihi, wa'adin abokina kuma Litinin ne. Na kira ƙanwata na ce ta gaya wa Mama hanya ta yi caɓi, a bari sai mako mai zuwa. Ruwa ya sauka da gaske a daren, amma ba irin wanda zai hana mota ba. Mako mai zuwa ya zo ya same ta ba ta iya zama sai an tallafe ta.

Da ta ga tafiya ba za ta yiwu ba, sai wani yammaci ta miƙo hannu ta dafa wani littafin tarihin da na sake arowa, yana kan cinyata. Ba ta taɓa yin haka ba.

"Ɗauko biro," in ji ta. "Tunda kai abin da ke takarda kaɗai kake ji, rubuta."

Na lalubi aljihu na sami biro, ban sami takarda ba. Tashi in shiga ɗaki in yago daga littafin rubutu bai fi taku goma ba. Ban tashi ba. Na juya littafin da ke hannuna zuwa farin shafin nan na ƙarshe, na ce, "Ina ji, Mama."

Ta fara jero mini, tana hutawa tana jan numfashi. Daga kaɗanya kaza ka miƙe zuwa dutse kaza, ka karya ka bi layin cin-da-zugun da mahaifinta ya dasa, ka gangara rafi, da sauransu. Ta faɗi wanda ya dasa kowace bishiya, da wanda yake tsaye ranar da aka kafa kowane dutse. Na cika shafin nan tam, har na haura cikin bango. Hannuna ne ya rubuta, hankalina yana wajen wani sarki da aka yi wa ƙawanya a babi na tara. Da ta ce shi ke nan, na juya na koma inda na tsaya.

Bayan kwana huɗu na mayar wa abokina littafinsa, cikin wa'adi, har ya yaba mini. Na ɗauki wani na tafi.

Mama ta rasu kafin kaka. Ba zan tsaya a kan wannan ba, wanda ya rasa uwa ya sani, wanda bai rasa ba Allah ya ja da ran tasa.

Shekara ta zagayo, doya ba ta zo ba. Muka bincika, ashe dattijon da ke noma gonar shi ma ya rasu. Sai kuma wata 'yar'uwar Mama ta nesa ta aiko wa ƙanwata saƙo cewa mu zo mu gani, an fara sauke bulo a gonar kakanmu. Wurin ya yi daraja, kowa na neman fili ya gina wa ɗaliban jami'ar da ke kusa ɗakunan haya. Babban ɗan dattijon ya yanka ya sayar, ya ce gonar ubansa ce, tamu wata 'yar siririya ce can gefen rafi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai Mama ta sa ka rubuta. Ina takardar?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Na fita na tari keke sai Bosso.

Abokina ya saurare ni, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Wannan mai jan bangon? Haba, ai ya fi shekara da fita. Wata ɗaliba ce ko ɗalibi, ban riƙe ba." Duk da haka ya rufe ciniki, muka sauke kwalayensa kaf, muna buɗe bayan kowane littafi, ko da na yi kuskuren wanne ne. Muka sami lambobin waya, muka sami lissafin jarrabawa, muka sami wasiƙar soyayya da wani bai aika ba. Rubutuna babu. Na rubuta sanarwa na manna a rumfarsa da jikin bishiyoyi biyu. Na sa a shafina ma, wataƙila wasunku sun tuna lokacin da nake cigiyar wani littafin tarihi ina cewa yana da muhimmanci gare ni. Kunya ta hana ni faɗin dalili. Mutum ɗaya ya kawo mini irinsa, bayansa fari fat.

Muka kai ƙara wajen dagacin ƙauyen. Ya sa rana, ya tara dattawa uku, muka haɗu a gonar da hantsi. Na sa babbar riga don a ga mutunci, ban san cikin ciyawa mai raɓa za a shiga ba. Dagaci ya yi mana gaisuwar rashi, ya ce ya san Mama tun tana yarinya, sannan ya faɗi yadda suke yi.

"Malam, mu a nan ba ma nuna wa mutum gonarsa. Mai gona shi ke shiga gaba, ya taka iyakarsa, ya kira alamunta ɗaya bayan ɗaya. In ya faɗi daidai, waɗannan dattawa su ce haka ne. In bai sani ba, ba za su sa masa magana a baki ba. Bismilla."

Na shiga gaba. Na san akwai kaɗanya a farko, sai na duba, kaɗanya uku ce a tsaye da kututturen wasu biyu da masu gawayi suka sare. Na zaɓi mafi girma na ce daga nan ne. Na ce sai a miƙe zuwa dutse. Dagaci ya ce, "Wanne?" Duwatsu ne birjik a wurin. Na nufi wani, na fasa, na nufi wani. Rigata ta jiƙe har gwiwa, ƙaya ta kama ta, ina ja tana ja. Na ambaci cin-da-zugu, sai na ga ɗaya daga cikin dattawan ya ɗago kai da sauri, idonsa a kaina, kamar mai cewa yauwa, ci gaba. Ya sani. Wallahi tsohon nan ya sani, kuma yana so in faɗa. Na tsaya ina kallonsa, yana kallona. Ban san ko layin gabas ya yi ko yamma ba. A lokacin nan da za a tambaye ni iyakokin daulolin da suka rushe shekara ɗari biyar, da na zana su a ƙasa da tsinke.

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Ɗan marigayin, wanda ya sayar da filin, ya shiga gaba bayana. Shi a gonar ya tashi, ya yi shekara ashirin yana tayar da kunyar doya a cikinta. Ya taka tasa iyakar ba gargada, yana kiran kowace bishiya. Ko ya haɗa da tamu yana sane, ko shi ma haka ya taso ya ga ubansa na nomawa ya ɗauka tasu ce, Allah ne masani. Ban iya ce masa ƙarya yake ba, don ban san gaskiyar ba. Aka bar mana 'yar siririyar gefen rafi, wadda ruwa ke cinyewa duk damina.

Da za mu tafi, tsohon nan ya riƙe hannuna ya ce, "Uwarka ba ta gaya maka ba ne?"

Na ce, "Ta gaya mini, Baba."

Ya saki hannun, ya juya ya bi bayan dagaci.

Wasu sun ce mu tafi kotu. Da me? Lauyan da na gani ya tambaye ni takarda ko shaida, na ce akwai takarda amma tana bayan wani littafi a hannun wanda ban sani ba. Ya dube ni ta saman tabarau, na tashi na ba shi wuri. Magana ta mutu a nan. Yanzu ɗakuna ne jere a wurin, da tankunan ruwa a sama, da shagon caji. In na bi hanyar Bida nakan leƙa ta taga, har yau ban san daga ina zuwa ina ne namu ba.

Da na so in ce muku abin ya koya mini darasi, in rufe da nasiha mai daɗi yadda aka saba. Ban ga amfanin darasin da ya zo bayan an rufe kabari ba. Uwa ɗaya gare ni, gona ɗaya ce, duk biyun babu inda zan sake gwadawa. Karatu kuwa ban daina ba, tunda da shi nake ci. Amma daɗin ya tafi. Ina cikin shafi sai in ji kamar wani na magana a gefena, in ɗago, ba kowa, in na mayar da ido kuma na manta inda nake. Haka littattafai huɗun watannin nan suka ƙare, kowanne da tsinken tsintsiya a tsakiyarsa.

Ƙanwata ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai a watan jiya, na je gaishe ta, tana tsince shinkafa a tire, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Yaya, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Ranar da Mama ta sa ka yi rubutun nan, ina kicin. Bayan ta gama maganar gona na ji ta ci gaba da yi maka magana a hankali, ta daɗe, har na ji ta ambaci sunana sau biyu. Ban fito ba, na ce sirrinku ne. Me ta ce a kaina?"

Ta ajiye tiren, ta ɗago tana jira. Shekaru ta yi tana ajiye da tambayar nan, tana zaton amsar na wurina.

Na ce, "Ban ji ba."