Tauraro na Huɗu

Martabar kowace ƙasa tana rataye ne a kan ƙusar da ta riƙe tutarta. Tamu ƙusar tana saman firji, a gidan da muka yi haya mu uku a unguwar Faisal, muna karatu a ƙasar Larabawa: ni, da wani ɗan Damagaram, da wani ɗan tsibiran Komoro mai karatun fiƙihu. Tutar tasa ce. Taurari huɗu gare ta, kowane tsibiri da nasa, sai dai tsibiri na huɗun yana hannun Faransa.

"Shehi, ku cire ɗaya mana," in ji ɗan Damagaram duk lokacin shayi. "Ko zare kwa rage."

"Mutumin da ƙasarsu ba ta da ko gaɓar teku, shi zai koya mana lissafi?" in ji ɗan Komoro.

A shekarar ina rubuta maƙala kan muhimmancin tsibirai a siyasar teku. Na iya darasin sosai: ɗan tsibirin da bai kai unguwar Zamalek girma ba yakan jawo wa mai shi ruwa mai faɗi, da kifin ciki, da hanyar jirage. Shi ya sa manyan ƙasashe ba sa sakin ko dutse.

Mahaifiyar ɗan Komoro tana fama da ciwon ƙoda. Asibitin da zai iya da ita yana tsibiri na huɗu, can kuwa sai da biza, bizar kuma ta ƙi fitowa. Sai ta shiga ƙaramin kwalekwale mai inji, irin masu tsallakar da mutane a ɓoye. Bai isa ba, bai kuma dawo ba.

Mu Hausawa abin da muka iya muka yi. Muka aro tabarmi, muka sanar da 'yan'uwa ɗalibai, falo ya cika da masu ta'aziyya. Wani babba a cikinmu ya ce a tashi a yi mata sallar gawa daga nesa. Wani ya ce a'a, wanda ya ɓace ba mamaci ba ne sai an tabbatar. Aka sauko da littattafai. Kowa ya kawo hujja mai kyau, da lambar shafi, mai uwar yana zaune yana zuba musu shayi.

"Khalas, ya isa haka, ya Malamai," ya ce a hankali. "Ba zan sallaci wadda ba a ce mini ta mutu ba."

A bakin ƙofa kowa ya riƙa laluben takalminsa, ya rasa ko "Allah ya jiƙanta" zai ce ko "Allah ya bayyana ta".

Tun daga nan wayarsa ta koma saman firji, ƙarƙashin tutar, kullum a jone da caji. Ko wanka zai shiga sai ya ce in saurara masa. Ɗan Damagaram bai sake zancen zare ba. Har muka rabu ba a yi sallar ba.

Maƙalata ta samu daraja mafi girma a ajinmu. A lokacin ban taɓa ganin teku ba.