Zanen Bappa da Gawayin Murhu

A ajinmu na koyon zane a Jimeta, ni ce ake ɗaga takardata a nuna wa sauran ɗalibai. Haka muke har shekarar da masu gudun hijira suka cika Yola, aka kawo mana wata yarinya daga wajen Michika. Da zani ɗaya ta tsira, ko fensir ba ta da shi.

Duk Talata Malam kan ɗauko wani tsohon masunci daga tafkin Njuwa, muna ce masa Bappa. Zai zauna a kan benci da komarsa a cinya, mu kewaye shi muna zanawa. Ni da fensira kala-kala da yayana ya aiko mini daga Kano. Ita kuwa gawayi ta tsinto a murhun gidan da suka sauka a unguwar Damilu, sai takardar buhun siminti. Da babban yatsa take murza inuwa. Wani lokaci ta jiƙa jar ƙasa ko ruwan zoɓo ta shafa.

Ran nan Malam ya wuce ni da "Ya yi kyau" kawai, ya je ya tsaya a bayanta har aka tashi. Bappa ya miƙe yana dafa ƙugu, ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da ni, "Rigana ya fito sosai, 'yata." Da ya kai nata sai ya dube ta ya ce, "Wa ya gaya miki bayana yana ciwo?"

Ranar ban iya cin abinci ba. Na kwashi gawayin Inna, na haɗa da lalle da shuni, na ɓata takarda ta fi goma. Duk suka fito kamar bangon kicin.

Washegari yarinyar ta matso kusa da ni, ta kira ni yadda ake kiran yaya mace a wajenmu. "Adda, ara mini fensir ɗaya, ina so in gwada."

Na ce duk ina aiki da su. Guda shida ne a jakata, ko fiƙe su ban yi ba.

Da hanya ta buɗe, suka koma garinsu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yanzu ni ma zane nake koyarwa a wata sakandare a Makama. Bara wata tsohuwar 'yar ajinmu ta ce mini tana da hotunan sababbin ayyukan yarinyar nan ta Michika a waya. Na ce ta turo mini. Sai da suka kwana uku kafin na buɗe.