Dalilin Da Gangar Yaya Nura Ta Rage Gudu

Yau shekara biyar da rasuwar Yaya Nura, amma har yanzu akwai masu cewa ƙungiyar kiɗansu ta sayar da kanta. Na gaji da ji. Ina wurin aka yi, bari in faɗa.

Sarin jakunkunan mata ya kai shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Da na gama sakandare na bi shi, ina zaɓar masa kaya a kasuwar jakunkuna ta Shiling. Ashe shi ne mai ganga a ƙungiyar wasu samarin Sin uku masu zazzafan kiɗan da ake kira punk: waƙa minti ɗaya da rabi, ihu daga farko har ƙarshe. Ranar da na fara jin su a sito ɗin wanduna da suke atisaye a unguwar Xintang, na ce, "Yaya, wannan kiɗa ne ko faɗan 'yan tasha?" Ya ce, "Auta, kunnenki ne bai je makaranta ba." Shi ke buɗe kowace waƙa, yana haɗa sanduna yana ƙirgawa da Hausa, da saurin da ba ka raba ɗaya da huɗu.

Sai dai Yaya mai sikila ne. Bayan kowane wasa sai ya yi kwana biyu a kwance, gaɓoɓinsa kamar ana sara. In mawaƙinsu A Fai ya tambaye shi jiki, sai ya fassara masa amsar gida: da sauƙi. Shi kuwa ya yarda, ya ƙara karɓo wasanni. Ina zai san Bahaushe ko a gadon mutuwa haka yake amsawa? Ko Yaya ya bar kujerar gangar nan da yake so kamar ransa, ko ita ta kashe shi.

Ni ba ni da haƙuri. Wata la'asar na tare A Fai a unguwar Tianhe, na gaya masa komai da Turancina na kasuwa. Ya ce ai kullum da sauƙi Yaya yake cewa. Na ce, "Sauƙi meyo!" Wato babu, kamar yadda masu kantinsu ke cewa.

Yaya ya yi wata guda ba ya kula ni. Su kuwa ba su nemi wani mai ganga ba. Kiɗan suka canza. Suka rage gudu, jita ta yi nauyi, waƙa ta samu amshin da kowa zai iya bi, irin kiɗan rock ɗin da rediyo ke sawa. Da yake shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik ce, manyan ɗakunan wasa na neman abin da ba zai firgita baƙi ba, tsofaffin masoya suka ce kwaɗayi ne. Aka yayyaga musu fasta, aka yi musu ihu a dandamali. Ba wanda ya faɗi dalilin sauyin a cikinsu, don Yaya ba ya son tausayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan zagin suka sama masa ƙarin shekara da rabi a kan kujerarsa.

Yanzu suna cika manyan ɗakuna. Da yana nan, na san zai taɓe baki ya ce sun yi sanyi kamar kwantan koko, yatsunsa kuwa na bin kiɗan a kan tebur.

Watan jiya na kalli bidiyonsu. Mai gangar yanzu wata Basiniya ce da ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ɗaga sanduna, a hankali ta ce da Hausa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Allah ya jiƙanka, Yaya. In ka tambayi yadda nake, da sauƙi.