Neman Yisti Daga Bronx Zuwa Brooklyn

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka fita daga unguwarmu Morris Heights da ke Bronx, ni da babbar 'yata. Ita ce ta ja mana tafiyar. Kwana biyu kafin nan ta zo gyara min firji, ta ga wata kwalba mai tsami a can ƙurya, ta juye a shara ta wanke ta tas. Tsohon ƙullun masar mahaifiyata ne. Busasshe ta kawo min shi daga Kumasi kafin ta rasu, na jiƙa shi ya tashi, shekara ashirin duk ƙullin da na yi sai na ɗiba a ciki in mayar da sabo. Ga sunan jikata, wadda ƙanwarta ta haifa, saura kwana biyar, kuma na riga na faɗa wa dangin uban yarinyar cewa za su ci masar da ba su taɓa ci ba.

Na gwada yistin kanti, masar ta fito da ƙamshin burodi. Shi ne 'yar tawa ta duba waya ta ce akwai shago a Brooklyn mai yisti iri-iri.

Jirgin ƙasa lamba huɗu muka hau. A Bronx yana bin sama, kana leƙen rufin gidaje, yana wuce wani babban filin wasa ya nutse ƙasa. Masu dawowa daga aikin jinya sun cika kujerun, kowa na gyangyaɗi. Da yake ƙarshen mako ne jirgin ya riƙa tsayawa cikin rami babu dalili, ni kuwa duk tsayawa raina ƙara ɓaci yake.

Ƙarfe takwas muna ƙofar shagon, a jikin gilashi an rubuta sai sha ɗaya. 'Yar tawa mai digiri biyu ba ta duba lokacin buɗewa ba. Muka zauna a wani gidan shayi, aka kawo ruwan zafi da ganye a jaka, kuɗinsa ya isa kwanon koko da ƙosai a unguwarmu. Mutanen wurin kowa da karensa, wani karen har da riga.

Da aka buɗe na shiga da sallama don sabo. Manyan tukwane, robobi, buhunan hatsi, kwalabe babu komai ciki. Sai da na ga hotunan kofuna masu kumfa a bango na gane inda aka kawo ni: shagon kayan dafa giya a gida. Ni da hijabina har ƙasa. Na juya na dubi 'yata, ta ce, "Mma, yisti kawai ne, ba giya a ciki." Na san da haka, ban dai ga bakin da zan yi wa matan suna wannan bayani ba.

Mai shagon wani Bature ne mai gemu kamar limami. Ya buɗe firji yana nuna fakiti ɗaya bayan ɗaya, 'yata na fassara inda ban gane ba. Wannan na Beljiyam ne, ya ce, na giya marar ƙarfi da suke sha da abinci, yana ba da ƙamshin kanumfari. Wancan yana cinye zaƙi ƙarƙaf, abin sha ya fito salam, don haka bai dace da marar ƙarfi ba. Wani kuma in ɗaki ya yi zafi sai ya yi warin ayaba. Ya tambaye ni ƙarfi nawa nake so. Na ce a faɗa masa shinkafa zan soya.

Ban zaci zai saurara ba, amma ya saurara. Ya tambayi shekarun kwalbar, da yadda nake ƙara mata, da irin tsaminta. Sai ya rufe firjin. Ya ce abin da ke cikin kwalbata ba iri ɗaya ba ne, yisti ne da ƙwayoyin tsami da suka daɗe tare, kuma babu fakitin da zai sayar min ya maye shi. Ya ce, "Ba ki taɓa ɗibar wa kowa ba?"

Na so a ce bai yi tambayar nan ba. Na taɓa. Shekara takwas da suka wuce na ɗibar wa Hajiya Rabi, wata 'yar Maraɗi da muke zumunci, cokali uku. Ba a yi wata biyu ba ta kafa tebur ɗin masa ranar Juma'a a gefen wanda nake sayar da tawa, rabin masu saye suka koma wurinta. Tun ranar ko a makoki muka haɗu gaisuwa ce ta fatar baki.

A jirgin dawowa na fi jin haushin Baturen a kan 'yata. Muka sauka muka kama hawan Highbridge, unguwar Hajiya Rabi, matakalar da ba ta ƙarewa, gwiwata na ƙara. Hawa na biyar take, lif ya lalace.

Ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa. Na faɗi abin da ya kawo ni a tsaye, ban tausasa murya ba. Ta shiga ciki, ta fito da roba cike. Ina buɗewa ƙamshin ɗakin girkinmu na Kumasi ya buge ni, sai da na dafa bango. Ta ce, "Ai na mamarki ne, ni riƙo nike. Ran wace sunan?" Na faɗa mata, ta ce za ta zo da tandarta.

Da la'asar muka shiga gida. Har yanzu ina fushi da 'yata, kuma ban ce na yafe wa Hajiya Rabi tebur ɗinta ba. Amma na ƙetare gari guda ina neman abin da yake tafiyar minti goma daga ƙofata, kuma da na hana cokali ukun nan da na yi shekara takwas ina cizon yatsa a kansu, da ƙullun uwata ya ƙare a kwandon shara. Jiya na raba shi kwalba huɗu, uku na aika gidaje uku. Ta huɗun na miƙa wa 'yata, na ce ta sa a firjinta, in ta isa ta zubar.