Ranar da Na Karɓi Ludayi daga Hannun Yaya

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina na cikin waya, ku ara mini kunnuwanku. Ni ban san baƙi ba, jikata ce ke danna abin da nake faɗa, in kun ga kuskure nata ne. Wannan kuma ba ta gizo ba ce, a kaina ta faru.

Shekarun baya, lokacin da ramin ƙarfe na nan Arlit ke cike da mutane, ina cikin matan da ke girki a kantin ɗin ma'aikata, wato gidan cin abincinsu. Da azahar kar, babbar motar ma'aikata, ke kwaso maza daga rami, su shigo da hular kwano a hannu, yunwa ta hana su ko gaisuwa. Sai sun watse mu ke zama mu ci namu. Ni da wata 'yar Adar kwano ɗaya muke ci. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta tarbe ni ranar da na sauka daga Maraɗi da goyo, ban san kowa ba, mijina na can ƙarƙashin ƙasa wurin aiki. In ta ci karo da tsoka a kwano sai ta turo gabana, ta ce, "Ci, ke ce mai shayarwa." Har yaron ya yi gemu ba ta daina faɗin haka ba.

A wurin girkinmu akwai al'ada. Wadda ta fi daɗewa ita ke riƙe ludayin miya, kuma ba a karɓarsa daga hannun mace sai mutuwa ko komawa gida. Yaya ce ke riƙe da shi.

Ana nan, ana nan, sai shugabarmu ta tsufa ta ajiye aiki, mai kantin ya kira ni ya ce ni ce shef. Ni da ko sunana sai dai in dangwala yatsa. Ya nuna mini farantan da aka kwaso, tuwo ya ƙare, miya na nan kwance. Ya ce, "Inna, in haka ta ci gaba, wasu za a ba girkin nan, mu duka mu tafi gida."

Ban yi gaggawa ba. Na zuba ido ina kallon hannun kowa. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Harshen Yaya ya daina jin gishiri, sai ta zuba, ta ɗanɗana, ta ƙara. Duk mun sani, ba mai faɗa. Amma in mai kawo cefane ya sauke buhun albasa, daga nesa za ta ce, "Wannan ta sha ruwa, kwana kaɗan ta ruɓe," a buɗe a tarar haka ne. Ta san naman akuyar da ta wahala a hanya. Can baya kuma, wurin wanke tukwane, akwai wata bazawara 'yar Damagaram, ba ta magana, tana dafa 'yar miyarta a ƙaramar tukunya. Ƙamshinta kan sa masu tuƙa tuwo su waiwaya.

Na samu Yaya ita kaɗai tana gyaran kuɓewa. Na durƙusa kamar yadda na saba.

Na ce, "Yaya, ina so ki riƙe mana kasuwa. Duk abin da zai shiga tukunyar nan, sai idonki ya yarda da shi."

Ta ce, "Ludayin hwa?"

Na ce, "'Yar Damagaram za ta gwada."

Ta ajiye kuɓewar. Sannan ta ce, "Da furfurata za ki aike ni kasuwa kamar ɗiyar goyo. Mi na yi miki?"

Na ce, "Ba ki yi mini komai ba sai alheri."

Ta tashi ta wanke ludayin da kanta, ta goge shi da gefen zanenta, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Ga shi, Shef." Tun da muke ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ƙanwata.

Ranar nan da maza suka watse na zuba mana abinci a kwanonmu, na zauna inda muke zama. Ta ɗauki wani kwano ta koma cikin sauran mata. Su ma ba wadda ta matso, wai ba a cin abinci da shef. Na ci gefena, na bar nata gefen.

Farantai suka fara dawowa a suɗe. Ruɓaɓɓen kaya ya daina shigo mana, don 'yan kasuwa sun gane Yaya ba ta ruɗuwa, har suka riƙa ajiye mata na kirki. Aikinmu ya tsaya da ƙafafunsa. Na yi zaton in ta ga haka za ta huce. Kullum tana gaishe ni, tana faɗa mini abin da ta sayo, amma kwanon nan ba ta sake sa hannu a ciki ba.

Abin da na gane, shugabanci shi ne ka ga abin da Allah ya ajiye a hannun kowa, ka kai shi inda zai yi amfani, ko da mai hannun bai so ba. Da za a maido ranar, haka zan sake yi. Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa mai yin haka shi kaɗai yake cin abinci.

Da aka rufe ramin, mai kantin ya koma garinsu. 'Yar Damagaram ta buɗe rumfar abinci a tasha, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, na layi a kan miyarta. Mijina ya riga mu gidan gaskiya. Yaya ta koma Adar ta zama babbar dilar albasa, har ta sauke farali. Duk shekara ɗan kabu-kabu kan sauke mini buhun albasa a ƙofar gida, ba sallahu, ba gaisuwa, kuma ko ɗaya ba ta taɓa ruɓewa ba.

Ni kuwa ga ni nan Arlit. Har yau in na ga tsoka a kwano sai hannuna ya tsaya, ina jira a turo mini.