Luba Mai Jirgi

Duk wanda ya sauka daga bas a Thamesmead ya tambayi gidan Hajiya Luba, sai a ce masa, "Wace Luba? Mai jirgi?" Da farko zolaya ce, yanzu kuwa da sunan take amsa waya.

'Yar Sarkawa ce daga Yawuri. Ubanta masunci ne, kuma wurinsa ake kawo kwalekwale in ya fara yoyo. Tun ba ta iya ɗaura zane ba ta iya riƙe filafili. Sai aure ya ɗauko ta ya kawo Landan, gidan Alhaji Maharazu, ma'aikacin wani ofis a wajejen Charing Cross. Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki ne, amma ƙarnin kifin gidan surukansa ya tsaya masa a rai. In baƙi suka tambayi sana'ar mahaifinta, sai ya riga ta buɗe baki: "Ɗan kasuwa ne." Ta haihu, ta yi jikoki, ta yi furfura, tana hangen tafkin unguwar ta tagar ɗakinta, ba ta taɓa tsoma ko ɗan yatsa ba. Ta yi haƙuri, amma wannan "ɗan kasuwa" ya ci mata rai fiye da sanyin garin.

Tana fita takaba, maimakon ta zaga godiya gida gida, sai ta nufi bakin tafki, inda masu tuƙin jirgi suke da ƙungiya. Can bayan shinge ta tarar da wani ƙaramin jirgin faiba, irin mai kama da roba mai tauri, a kife, ciyawa ta rufe shi. Mai shi ya kwance kujeru da ƙarafa ya yi gaba, ya bar hujin sukuru ko'ina, har a ƙasa inda jirgi ke taɓa ruwa. Ka ce rariya. Shugabar ƙungiyar ta ce in Luba za ta iya gyarawa, ta ɗauka. Luba ta shafa gefensa ta ce da ita ake magana.

Nan fa bakin mata ya buɗe. A gidan suna aka ce tsufa ne, a wajen walima aka ce sai an yi mata ruƙiyya. Ko a jikinta. Wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya ɗanta na fari ne, Zulkiflu, likita, wanda ba ta kiran sunansa sai dai ta ce Likita. Dama ya daɗe yana so ta mayar wa hukuma gidan hayar da take ciki ta koma wurinsa a Stratford, inda ya gyara mata wani ɗaki mai kallon bangon maƙwabta. Ita kuwa ta san in ta shiga ɗakin nan, ita da ruwa sai na alwala.

Ta yi gyaran yadda ta ga ubanta yana yi. Ta murɗa auduga da man kaɗe, ta bi huji ɗaya ɗaya tana cusawa da tsinin ƙusa. Sannan ta ce a sa jirgin a ruwa ya kwana, don a Yawuri haka ake yi: itace ya sha ruwa ya kumbura, ya matse audugar da kansa. Wahabu, wani dattijo ɗan Gana da ke kula da filin ƙungiyar, ya tsaya yana kallonta. Shi Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu.

"Hajiya, wannan ba itace ba ne fa. Ko ka bar shi shekara, ba ya shan ruwa."

Ta harare shi. "Ni za ka koya wa jirgi? A cikin jirgi aka yaye ni."

Washegari ta zo da Likita don ya gani da idonsa. Ya kuwa gani. Jirgi ya yi zaman dirshan a ƙasan tafki, hancinsa kaɗai ya leƙo, audugarta tana yawo a saman ruwa agwagi suna bi. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Abin da ya fi yi mata ciwo ma shi ne, ji ta yi kamar ubanta aka kayar a gaban jama'a.

Likita ya sassauta murya ya ce, "Umma, ya isa haka. Da kina ciki fa? Ki yi packing kawai mu tafi."

Ta ce, "Ka ba ni zuwa ƙarshen zafin bana. In ya sake nutsewa, ni da kaina zan ɗaure kayana. In kuwa ya tsaya, kada na ƙara jin Stratford a bakinka."

Ya amince da sauri, don a ganinsa magana ta riga ta ƙare.

Da aka jawo jirgin, sai ta je ta tsaya a gaban Wahabu. Ba ta ba shi haƙuri ba, Luba ba ta iya wannan ba. Cewa kawai ta yi, "To, malamin faiba, faɗi naka." Ya ɗauko injin huji ya ce sai an faɗaɗa kowane huji tukuna, a yi wa bakinsa gangare, a cire duk abin da ya rube, in ba haka ba gam ba ya kamawa. Ta ce Allah ya kiyaye, ita da ta zo toshewa a ce ta ƙara ɓulawa? Amma ta karɓi injin. Ta bi hujin ɗaya ɗaya tana faɗaɗawa.

Bayan nan sai busarwa, ga shi garin da rana ke leƙowa kamar mai gudun sammaci. Ko ɗigon laima ya rage a huji, aiki ya lalace. Ta rufe jirgin da tamfol, ta aika aka karɓo mata na'urar busar da gashi ta matar Likita, ba ta kuwa faɗi abin da za ta yi da ita ba. Gam ɗin kala biyu ne, sai an haɗa an zuba wani farin gari an dama. Wahabu ya fara yi mata bayanin kauri, ta ce ya dakata, wadda ta shekara arba'in tana dama kunu ba a gaya mata wannan. Ta liƙe bayan kowane huji, ta ɗura gam ta gaba a hankali don kada iska ta maƙale, ta bari ya ɗan yi tudu. In ya sandare ta bi da samfefa tana gogewa har sai yatsanta ya wuce bai ji komai ba, sannan fenti. Gwiwoyinta suka kumbura, warin gam ya hana ta cin abinci, lallenta ya koma fari. Wata maƙwabciya ta ce mata mace da girmanta ba ta durƙusa a gaban tarkace. Luba ta ce ai ta durƙusa a gaban murhu shekaru, ba wanda ya tausaya wa girman.

Ranar gwaji Likita ya zo da wata babbar motar haya da kwalaye a ciki. Ya ce, "Umma, na riga na yi booking, don kada mu yi wahala biyu." Matan unguwa ma sun zo, wai rakiya.

Luba ta nufi jirginta. Ta ɗaura rigar hana nutsewa a kan atamfarta, ta cire farin mayafinta ta shimfiɗa a ƙasan jirgin, daidai inda hujin suka fi yawa. Ta yi bisimilla ta shiga. Filafilin ya zauna a hannunta kamar jiya ta ajiye shi. Ta tura, jirgi ya tafi sumul, bakin mata ya mutu. Da ta kai tsakiyar tafki sai ta tsoma hannu a ruwa, hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba.

Ta zaga ta dawo kusa da gaɓa, amma ba ta sauko ba. Ta dunƙule mayafin ta jefa wa ɗanta. Ya cafe, ya juya shi, ya matse. A bushe yake ƙayau.

Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Likita, ka sallami mai mota. Kuma in 'ya'yanka suka tambaye ka sana'ar kakanka, ka ce musu masunci ne."

Ta juya hancin jirgin ta koma cikin ruwa.