Baƙaƙen Tsaki Biyu a Akurkin Baba

Wata safiyar Alhamis da damina, shekara guda bayan Ghana ta sami 'yancin kai, na durƙusa gaban akurkinmu a unguwar Nima na ɗaga farar kazarmu da ta yi sati uku tana kwanci. Tsaki tara ne a ƙarƙashinta, bakwai ruwan ƙwai, biyu kuwa baƙaƙe wuluk. Shekarata tara a lokacin, kuma ni Baba ya ɗora wa tsaron akurkin. Fararen kaji zalla yake so, shi ya sa ya haɗa ta da farin zakara, ya ce kada in bari ta fita tsakar gida, inda baƙin zakaran Maame Akosua, maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganye, yake yini yana tono a bakin kwata.

Da Baba ya dawo daga ɗinki ya leƙa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Salamatu, kin bar ƙofa a buɗe." Na rantse ban bari ba, bai saurare ni ba, ya mayar da aikin hannun yayata. Kakata Iya ce ta kira ni tana tankaɗen garin koko, ta ce uwar kazar nan baƙa ce, a unguwar Kotobabi ta saye ta, shi ma farin zakaran ta san ubansa, baƙi ne. "Farin gashi mayafi ne," in ji ta, "yana rufe abin da ke ciki, ba ya kashe shi."

Maganar ta hana ni sukuni. Na riƙa bin gidajen unguwa bayan makarantar allo, ina tambayar kowace mai kaza launin iyayen tsakinta: ja, wake-wake, toka-toka. Kafin a ƙyanƙyashe sai in faɗi abin da zai fito, wani lokaci in dace, sau da yawa a yi mini dariya. A kwancin farar kazar na biyu Baba da kansa ya sa wa akurkin kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa. Aka sami tsaki takwas, uku baƙaƙe. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu, sannan ya miƙo mini mabuɗin, ya ce baƙaƙen nawa ne.

Yau inda akurkin yake ɗakin haya ne. Jikokina a daskare suke sayo kaza, an fige ta tun a wata ƙasa. Nakan juya ta a cikin kwano, ina son in san wane launi ce.